Labarin da kunne ke gani

Sana'ata ita ce mayar da rubutaccen labari ya koma abin sauraro. Ƙaramin kamfani ne gare ni, ba mu da yawa, akwai mai gyara rubutu, akwai mai haɗa sauti, sai 'yan wasa da muke kira in aiki ya samu. Marubuci zai kawo gajeren labarinsa, ko kuma mu ne za mu gani ya burge mu mu je neman izini, sai mu zauna mu warware shi mu ɗauka da muryoyi da ƙararraki da ɗan kiɗa, mu ɗora a intanet ko mu ba gidan rediyon da ya nema. In na faɗa wa mutane haka yawanci sai su ce ai karatu ne kawai, a miƙa wa mai daɗin murya takarda ya zauna gaban makirufo. Akwai wannan ɗin, muna yi ma, amma ba shi ke cin mana lokaci ba.

Abin da ke cin lokaci shi ne rubutun. A takarda marubuci zai ce ta ɗago kai ta harare shi, shikenan mai karatu ya gani. To kunne fa ba ya jin harara. Dole mu nemo abin da zai tsaya a madadinta, ko ta ajiye kofi da ƙarfi, ko ta yi shiru har shirun ya yi nauyi sannan ta ce "to" guda ɗaya, ko shi mijin ya fara magana ya sarƙe a tsakiya mai sauraro ya gane da kansa cewa wani kallo aka yi masa. Kuma mutum uku in suna ɗaki ɗaya dole muryoyinsu su bambanta sosai, dole a riƙa kiran suna jefi-jefi ba tare da abin ya zama kaman kiran rajista ba, dan wanda ke sauraro yana tuƙi ko yana wanki ba zai koma baya ya duba wa ya yi magana ba, in ya ɓace sau biyu kashewa zai yi. Gajeren labari ya fi dogon littafi dacewa da mu saboda wannan, mutanensa kaɗan ne, wurinsa ɗaya ko biyu, kuma yana da abu guda da yake son faɗa.

Samari ne suka fara damuna da maganar jarumai masu tashi sama, irin na finafinan Marvel da DC, wai mu yi musu irinsu da Hausa. Da farko abin ya yi min kama da wanda ba zai yiwu ba, dan waɗannan finafinan na ido ne zalla, gini na rushewa, wuta na fita daga hannun mutum, kaya masu ƙyalli. Sai da na koma na zauna da tsofaffin wasannin rediyo na Amurka, waɗanda yanzu da yawansu suna nan a intanet, sannan na ga ashe tun kafin a haifi iyayenmu an riga an warware matsalar. Superman ya fito a mujallar zane a 1938, zuwa 1940 har ya shiga rediyo, kuma shirin ya kai 1951 ana yi, shekara goma sha ɗaya kenan ana sauraron mutum mai tashi sama ba wanda ya gan shi. Bud Collyer ne ya fi daɗewa yana yin muryar. Abin da yake yi har yau ina kunna wa duk sabon ɗan wasan da ya zo wurinmu: in yana Clark Kent, wato ɗan jaridan da Superman ke ɓoye kansa a matsayinsa, muryarsa siririya ce tana sama, in lokacin rikiɗa ya yi sai ya fara jimla da wannan muryar ya ƙarasa ta da wata mai kauri can ƙasa. A cikin numfashi ɗaya ya cire kwat da tabarau ya zama wani mutum. A fim wannan sai an nemo wurin ɓuya da tela da mai kyamara, shi kuwa da maƙogwaro ya gama. Tashin ma haka, ƙarar iska ce ake sakowa tana ƙaruwa sannan ta yi nisa, yaro na zaune gaban akwatin rediyo ya riga ya gan shi a sararin sama.

Kuma rediyon nan ba aron labari kawai ya yi ba, shi ma ya bayar. Dutsen nan kiriftonait da ke kashe wa Superman jiki a rediyo aka fara jin sa a 1943, sai a 1949 ya shiga mujallar. Sunan Jimmy Olsen, matashin abokin Superman, shi ma a rediyo aka fara jin sa, kuma ni na fahimci dalili sarai, dan jarumin rediyo dole ya samu wanda zai riƙa yi wa magana, in ba haka ba sai dai ya yi ta surutu shi kaɗai yana faɗa mana abin da yake gani. A 1946 har shirin ya yi jerin kashi 16 inda jarumin ya kara da wata ƙungiya da kowa ya gane Ku Klux Klan ake nufi, ƙungiyar nan ta fararen fata masu tsanar baƙar fata. Shirin yara ne fa, amma bai ji tsoron taɓa abin da ke damun ƙasar ba. Wannan ya tsaya min a rai sosai.

Ɗaya darasin daga Orson Welles, ɗan wasa kuma darakta ɗan Amurka, na ɗauko shi. Ranar 30 ga Oktoba 1938 shi da 'yan wasansa suka yi The War of the Worlds a tashar CBS, labarin H. G. Wells na halittun duniyar Mas da suka kawo hari, sai suka yi sashen farko kaman labaran gaggawa ne ke katse shirin kiɗa. An yi ta cewa duk Amurka ta ruɗe a daren, masu bincike daga baya sun nuna jaridu sun ƙara gishiri, ni dai ba ruɗewar ce ta dame ni ba. Akwai wurin da ɗan rahoto ke bayani ana ihu a bayansa sai makirufo ya mutu ɗif, aka bar iska ba komai na 'yan daƙiƙu. Wallahi duk ƙarar da za ka haɗa a kwamfuta ba za ta kai wannan shirun tsoratarwa ba. Shi ya sa nake yawan faɗa da mai haɗa mana sauti, yaro ne mai basira amma finafinai ne suka rene shi, yana son ko'ina ya cika da ganguna da rugugi, ni kuma kullum ina ce masa ƙanena rage, bar wa kunne wurin numfashi. Faɗan jarumai a fim zai iya kai minti goma ido bai gaji ba, a sauti in ya wuce ɗan lokaci kaɗan ya zama hayaniya, ba ka san wa ke dukan wa ba. Mu sai mu gajarta faɗan mu tsawaita abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, tsoron da ake ji kafin a fara, da nishin wanda ya sha kashi.

Ƙararrakin kuma yawanci da hannu muke yi. Turawa suna kiran aikin da sunan Jack Foley, wanda ya yi shi shekara da shekaru a kamfanin Universal tun farkon zuwan fim mai magana. Leda in ka murza ta a hankali kusa da makirufo wuta ce ke ci. Fallen ƙarfe siriri in ka girgiza shi tsawa ce. Muna da akwatin yashi da na tsakuwa da guntun katako na taku, da tarin tsofaffin takalma, da wata ƙaramar ƙofa da aka yi mana musamman mai sakata da makulli, ita kaɗai ta fito a kusan duk abin da muka taɓa yi. Akwai dubban sautuka na kyauta a intanet kuma muna ɗauka, jirgin sama dai ba za mu kawo shi situdiyo ba, amma taku da motsin tufafi na hannu sun fi, dan suna bin numfashin ɗan wasan. Mai fushi ba ya tafiya irin ta mai jin kunya. Ɗakin da muke ɗauka ma ba wani abin a zo a gani ba ne, barguna ne da soso a bango dan kada murya ta riƙa dawowa, kuma na daɗe da yarda cewa ɗaki mai kyau da makirufo matsakaici ya fi makirufo mai tsada a ɗakin da ke amsa kuwwa. Editin da manhajar Audacity muka fara tunda kyauta ce, daga baya muka koma Reaper. Kafin mu saki komai sai mun saurare shi a lasifikar ƙaramar waya, ba a manyan sifikun situdiyo kaɗai ba, dan a nan yawancin mutane za su ji shi, kuma rugugin nan mai kauri da ke girgiza kujera a silima waya ba ta fitar da shi sam, raɗa kuma in ta yi ƙasa da yawa ɓacewa take a cikin ƙarar titi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne haƙƙin mallaka. Ana yawan ce min mu ɗauko Spider-Man ko Batman kawai mu sa musu Hausa, wai wa zai sani. Ba ma yi. Masu su suna nan, kuma su da kansu sun shigo harkar sauti, Marvel ta fitar da wasan sauraro na Wolverine a 2018, Spotify ta fitar da na Batman a 2022. Ban da tsoron shari'a ma, ni da nake roƙon kada a kwashe aikinmu a watsa ba izini da wane baki zan ɗauki na wani. Haka marubutanmu, ko labarin shafi uku ne sai mun yi takarda, a rubuta tsawon lokacin da muka karɓa da inda za mu sa shi da kason da zai samu in talla ta shigo, kuma sunansa ne farkon abin da ake ji kafin kiɗa. Kuɗin harkar ba shi da yawa, gaskiya, tallace-tallacen rediyo da karanta littattafan makaranta su ke riƙe mu, wasannin nan kuwa su ne dalilin da ya sa na buɗe wurin.

Dan haka namu jaruman muke ƙirƙira, kuma tun daga tushe muke gina su dan kunne. Wadda muke aiki a kanta yanzu yarinya ce da ke jin abin da aka faɗa a ɗaki ko da masu maganar sun daɗe da tashi, bango ne ke riƙe mata muryoyin. A fim wannan baiwar ba za ta yi armashi ba, mutum ce tsaye tana kasa kunne, amma a iyafis kai ne ita, muryoyin na zuwa maka ta hagu da dama, na jiya a kusa, na bara can nesa a dishe. Marubuciyar ta kawo shi a matsayin gajeren labari mai shafi kaɗan, yanzu muna kan kashi na huɗu, kuma abin da ya tsayar da mu a satin nan shi ne neman dattijuwar da za ta yi muryar kakar yarinyar, dan duk waɗanda muka gwada 'yan mata ne masu kwaikwayon tsufa, kuma makirufo ba ya ɓoye wannan.