Busa kaset bai taɓa gyara wasa ba

Akwatin wasan da ya shiga gidajen Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru a shekarun 1990, wanda yara ke ce wa Nintendo, yawancinsa ba na Nintendo ba ne. Kwaikwayon Famicom ne, na'urar da kamfanin ya fitar a Japan a 1983, masana'antun Taiwan da Sin kuma suka yi ta buga irinta da arha. Kaset ɗinsa gajere ne, galibi ruwan ɗorawa, haƙoransa 60. Na NES, wato Famicom ta Amurka, wadda ta fito a 1985, 72 ne, shi ya sa na wannan ba ya shiga bakin waccan.

Kowa ya san al'adar. Allo ya yi toka-toka ko Mario ya fito a hargitse, sai a zare kaset, a busa, a mayar, ya kama. Ba busar ce ta yi aiki ba. Zarewa da mayarwar ne suka goge haƙoran, suka sake daidaita zamansu a cikin ramin. Abin da baki ke ƙarawa laima ce da ɗan yawu, su haɗu da ƙurar hunturu su daskare, daga baya tagullar ta yi tsatsa kore-kore. Kaset ɗin da ya fi shan busa shi ya fi saurin mutuwa.

Gyaran gaskiya ba shi da tsada. A samo alkol mai kashi 90 ko sama, da tsinken goge kunne mai auduga. A jiƙa kai ɗaya kaɗan, a goge haƙoran gaba da baya, a canza tsinke har audugar ta daina fitowa baƙa, sannan a bi da busasshen kan. Idan mai kashi 70 na kantin magani kawai aka samu, akwai ruwa a cikinsa, a bar kaset ɗin ya bushe sarai kafin a sa. Tabon da ya ƙi fita, a buɗe kaset a bi shi da farin magogin fensir a hankali. Kada a kusance shi da sanfefa ko reza, domin rufin haƙoran siriri ne, in ya tafi ya tafi. Ramin na'urar ma yana so: a naɗe ƙyalle mara gashi a jikin tsohon katin roba, a ɗiga alkol, a sa a zare sau biyar ko shida, wuta a kashe.

Batun "9999999 in 1" da ake rubutawa a jikin kaset kuwa, wai yawan wasannin da ke ciki ke nan, wasannin gaske ba su cika wuce 'yan kaɗan ba. Sauran maimaici ne, an fara daga wani mataki ko an canza launi. Super Mario Bros. gaba ɗayansa wajen kilobait 40 ne, amma ko da hakan miliyoyi ba za su shiga ɗan cif ɗin da ke ƙarƙashin baƙin ɗigon danƙo a cikin kaset ba.

Iyaye sun sha cewa wasa na kashe tele. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya: hoton da ya daɗe a tsaye wuri guda yana iya barin inuwa a telebijin mai ƙusumbi, amma sai an yi awowi masu yawa a kai a kai. Abin da ya fi jawo faɗa shi ne wayar eriya. A cire ta a sa ta wasa, a murɗa tasha ana neman hoto, maigida ya dawo da dare ya rasa CRTV, tashar gwamnatin Kamaru. Hoto baƙi da fari ma ba lalacewa ba ne. Tsarin launi ne ya bambanta: Kamaru PAL take amfani da shi, Chadi SECAM, na'urar Japan da Amurka NTSC, in ba su dace ba launi ne ke fara ɓacewa.

Bindigar harbin agwagwa ba ta harba komai. Ido ne a bakinta. Da an ja kunama allo ya yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya bayyana inda agwagwar take, idon ya ga haske ko bai gani ba. Saboda wasan yana fara duba duhun, dabarar saita ta a ƙwan fitila ba ta cika ci ba. A telebijin na yanzu mai faɗi ba ta aiki, don hoton yana makara kafin ya fito. Mai son ta sai ya nemi tsohuwar tele.

Wanda ya kashe na'urori da gaske shi ne adafta. Famicom da yawancin kwaikwayonta suna son DC bolt 9 zuwa 10, negatif a tsakiyar baki. Adaftan kasuwa da yawa akasin haka suke, ta NES kuma AC take bayarwa, wadda aka yi wa Japan kuwa ta bolt 100 ce, wutarmu 220. A karanta zanen da ke jikin adafta da na ƙasan na'urar kafin a jona. In an riga an yi kuskure, a buɗe a nemi 7805, baƙin abu mai ƙafa uku mai daidaita wuta, a jikin ƙarfen sanyaya. A auna ƙafar fitarwa da mita, bolt 5 ya kamata ta nuna. In babu, kowane mai gyaran rediyo zai canza shi, ya duba kondansa da ke kusa ko ta kumbura. In kuwa 5 ɗin na nan amma allo shiru bayan an goge kaset da rami, wutar ta kai ga babban cif, na kwaikwayo kuma a ƙarƙashin baƙin danƙo yake, ba ya canzuwa. A ajiye manet, wato abin riƙewa a hannu, da kaset, su za su yi aiki a wata irinta.