Abin da bayan kwali ya koya mini

A shekarata ta uku ina karatun kimiyyar abinci, wata malamarmu takan shigo aji da leda cike da guntayen takardu. Ta yanko su ne daga bayan kwalaye da robobi, babu suna, babu hoto, sai jerin kayan haɗi kawai. Takan miƙa wa kowa guda, ta ce, "To, faɗa mini, mene ne wannan?"

Tawa ta farko tana ɗauke da sorbitol, aqua, hydrated silica, sodium lauryl sulfate, sodium fluoride da saccharin. Da na ga masu zaƙi har biyu, sorbitol da saccharin, sai na ce alewa ce. Malama ta ce, "Ɗana, sake duba na huɗun, kumfa yake kawowa." Ashe man goge baki ne. Silica ce ke kankare dattin haƙori, fluoride na kare shi daga ruɓewa, shi kuma sorbitol babban aikinsa hana man bushewa. A ranar na gane cewa sinadari guda ba ya bayyana kaya, sai ka dubi waɗanda suke tare da shi.

Ƙa'idar da ta fi zauna mini ita ce ta jeri. Ana rubuta kayan haɗi ne daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Wata rana aka ba ni takarda da ta fara da gishiri mai aidin, sai monosodium glutamate, sitaci, sukari, man girki, can ƙarshe albasa da ɗanɗanon kaza. Na gane ta nan take: dunƙulen miya ne, wanda muke kira magi ko wane kamfani ya yi shi. Amma ban yi murnar cin tambayar ba, domin hankalina ya tafi gida. Mahaifiyata na da hawan jini. Likita ya hana ta gishiri, ta kuma bi maganarsa tsakani da Allah, sai dai tana ƙara dunƙule biyu ko uku a tukunya don miya ta yi armashi. Kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, glutamate ɗin ma yana da nasa sodium, sinadarin gishiri mai ƙara hawan jini, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini. Da na je hutu na zauna kusa da murhu na karanta mata takardar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai ban san gishiri nake zubawa ba." Daga nan muka koma wa daddawa da busasshen kifi.

Akwai kuma sunayen da kan tsorata mutum alhali 'yan gida ne. Butyrospermum parkii man kaɗanya ne, an liƙa masa sunan Mungo Park, Baturen da ya bayyana bishiyar a tafiyarsa ta Afirka ta Yamma. E414 ƙaro ne, irin wanda ake tsinta a Sudan da Chadi da Yobe. Sai dai a nan ma jeri ke magana. Idan man shafawa ya cika gabansa da hoton kaɗanya, amma sunanta ya zo bayan parfum, wato turaren ƙamshi, to ɗan ɗigo aka sa, mafi yawan abin da ka saya ruwa ne da mai mai arha. Haka wata madarar gari: ka duba za ka ga an cire kitsen nonon an maye gurbinsa da man kwakwar manja. Ba laifi ba ne, tunda sun rubuta, amma ya kamata mai saye ya sani.

Wasu takardun kam sun gagari ajin gaba ɗaya. Sabulun wanke gashi, na wanka mai ruwa da na wanke hannu duk sun fara da aqua, wato ruwa, sodium laureth sulfate, cocamidopropyl betaine da gishirin da ke sa su kauri. Malama ta ce ita ma da kyar take raba su.

A makon ƙarshe ta kawo wata 'yar roba ta man bilicin da aka haɗa a kasuwa. Babu jeri, babu lambar NAFDAC. Ta zagaya da ita layi-layi, kowa ya juya ta yana neman abin karantawa. Na san irinta, akwai guda a kan madubin ƙanwata.