Kaska a bayan kunne

Yau da la'asar autana ya dawo daga wajen tumakin kakansa a Dadin Kowa yana ta sosa bayan kunne. Ina dubawa sai ga kaska ta sha jini ta yi suntum. Tsabar ruɗewa na sa farce na fizge ta, jikin ya fito, bakin ya katse a ciki, ɗan baƙin ɗigo kamar tsinin ƙaya. Inna na gefe tana cewa, "Ke, ɗiga masa kananzir mana!" Ni kuwa har na ɗauko allura. Allah ya sa na fara kiran ƙanwata mai aikin jinya. Ta ce, "Yaya, ajiye allurar nan, kananzir ma ba ruwansa. Ki goge matsefata da sifirit, in kin iya kama bakin ki ja a hankali, sak, ban da murɗawa. In ya ƙi, ki wanke da sabulu ki bar shi, fata da kanta za ta turo shi." Wai tonon ne ke jawo gyambo, kuma guntun bakin ba ya sake zama kaska. Sai dai in wurin ya kumbura, ya yi mugunya, ko zazzaɓi da ƙuraje suka biyo baya cikin makonnin nan, a tafi asibiti.

Sau biyu na gwada bai fito ba, na haƙura. Yaro ya koma wasansa, ni ce har yanzu nake leƙa bayan kunnen da fitilar waya, hannuna na ƙaiƙayin in tona.