Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Direban Magani a Hanyar Jidda

Makon jiya mun tsaya a inda aka dakatar da Umara saboda korona, ƙarshen Fabrairun 2020. Jigilar alhazai ta tsaya cik. Wani ɗan unguwarmu ne ya yi mini hanya na samu tuƙi a kamfanin rarraba magani, daga rumbunsu na Jidda zuwa saidaliyyoyin Makka, wato kantunan magani.

Ranar 2 ga Afrilu aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Makka da Madina. Unguwarmu Hosh Bakar da ke Makka tun kafin nan an killace ta, ita da Nakkasa da Misfala, babu shiga babu fita. Dokar ta same ni a Jidda, sai na koma kwana a rumbu. Wanda aka kama a waje tarar riyal 10,000 ce, amma mu masu ɗaukar magani an ba mu tasrihi, wato takardar izinin wucewa. A shingen Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, askari zai duba takarda, ya leƙa bayan mota, ya ce wuce.

Gaskiya, kaya ba su yanke ba. Jiragen fasinja na ƙasashen waje sun tsaya tun 15 ga Maris, amma na ruwa suna ta sauke kaya a tashar Jidda. Takunkumi da man goge hannu ne suka yi wuya na ɗan lokaci.

Hanyar da ta yanke tamu ce ta Takari, wato mu 'yan asalin Afirka ta Yamma mazauna Saudiyya. Tsofaffinmu da yawa ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ba sa kusantar asibiti. Maganin hawan jininsu a jakar ɗan Umara yake zuwa daga Kano, tare da daddawa da kuka, ko maƙwabci ya sayo musu. Sarki Salman ya ba da umarni ranar 30 ga Maris a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da marar takarda, kuma Allah Ya saka masa. To amma ciwon suga fa? Shi bai shiga lissafin ba.

Cikin dare Goggo ta bugo mini waya.

"Ɗan nan, allurar tawa ta ƙare tun shekaranjiya."

"Goggo, me ya hana ki faɗa da wuri?"

"Na ga kana fama da naka ne."

Insulin kuwa ba ya son zafi, ga Makka a Afrilu. Da safe na saya a saidaliyya, na sa a kula da ƙanƙara, na nufi shingen da ke bakin unguwa. Yadda muka ƙare da askarin da ke wurin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.