Hawan Dutsen Batur Kafin Fitowar Rana

Ƙarfe biyu na dare motar ta tsaya a ƙofar masaukina a garin Ubud, kuma kafin zuwanta ban yi barcin kirki ba, domin na kwana ina saƙa da warwara a kan cewa dutsen da zan hau bai mutu ba. Batur, wanda yake arewa maso gabashin tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, ya yi aman wuta fiye da sau 20 tun daga 1804 da aka fara rubuta tarihin amansa, na baya-bayan nan kuwa a shekarar 2000 ne. A lissafin rayuwar duwatsu wannan jiya-jiya ne. Saboda haka hankalina gaba ɗaya ya tafi kan wuta, ban tsaya na yi tunanin takalmin da zan sa ko rigar da zan riƙe ba, alhali su biyun nan ne suka fi ba ni wuya kafin gari ya waye.

Mun yi tafiyar sama da awa guda muna hawa zuwa yankin Kintamani, sai kuma hanya ta juya ta fara gangarawa tana lanƙwasa, har na tambayi direba ko mun yi ɓatan kai ne. Ashe Batur a cikin wata ƙatuwar ƙwarya yake zaune, mai faɗin fiye da kilomita 10, wadda ta samu kimanin shekara 29,000 da suka wuce lokacin da wani tsohon dutse da ya fi wannan girma ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya rufta. Dutsen da ake hawa a yau daga baya ya tsiro a tsakiyar ƙwaryar, gefensa kuma ruwa ya taru ya zama tafki. Don haka dole mutum ya gangara kafin ya soma hawa. Duk wannan a cikin duhu ban ga ko ɗaya ba, sai da muka tsaya a ƙauyen Toya Bungkah na ji sanyin ruwa a iska, na gane muna bakin tafkin.

A nan aka haɗa mu biyar da ɗan jagoranmu, wani siririn saurayi haifaffen ɗaya daga ƙauyukan bakin tafkin. Ya raba mana fitilun goshi da sanduna, ya haska ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan takalmina mai sulɓin ƙasa sai ya ɗan dakata, bai ce komai ba. Yana kirana Pak, yadda suke kiran namiji babba don girmamawa, ni kuma ya ce in kira shi Bli, wato yaya a harshen mutanen Bali, duk da na girme shi nesa ba kusa ba. Tambayata ta farko ita ce ko dutsen zai iya tashi muna kansa. Ya bayyana mini cewa hukumar ƙasar mai sa ido a kan irin waɗannan duwatsu tana da na'urorin auna motsin ƙasa a kewaye, kuma matakan gargaɗinta huɗu ne, Normal da Waspada da Siaga da Awas, a ranar kuwa Batur yana matakin farko, wato mafi ƙarancin haɗari. Sai ya ƙara da cewa, "Pak, dutsen nan ba ya tashi sai ya yi gyaran murya."

Maganar ta kwantar mini da hankali a lokacin, amma ba zan miƙa ta ga mai karatu haka kawai ba, domin gaskiyarta ba ta cika ba. Yawancin aman wuta yana zuwa da alamu, ƙananan girgizar ƙasa da kumburin dutse da sauyin iskar da yake fitarwa, sai dai akwai fashewar da tururi ke haddasawa, wadda kan zo babu sallama. Irinta ce ta hallaka mutum fiye da 50 a dutsen Ontake na Japan a watan Satumba na 2014, kuma a Disamba na 2023 dutsen Marapi na tsibirin Sumatra ya kashe masu hawa fiye da 20. Duba matakin gargaɗi wajibi ne, kuma yana rage haɗari ƙwarai, amma wanda ya taka irin wannan dutse ya san cewa da sauran kasada a ciki, kuma shi ya yarda ya ɗauke ta.

Wajen ƙarfe huɗu saura muka kama hanya. Rabin awa na farko yaudara ce, domin hanyar shimfiɗaɗɗiya ce tana ratsa gonakin albasa da tumatir da barkono, waɗanda suke yin kyau a baƙar ƙasar da toka ta gina. Na ji ƙarfi a jikina, na buɗe ƙafa, har na wuce Bli sau biyu. Kowane karo sai in ji muryarsa a baya yana cewa pelan-pelan, wato sannu-sannu, ni kuwa na ɗauka furfurata ya gani yake tausaya mini, abin har ya ɗan sosa mini rai. Kafin mu fita daga cikin itatuwa rigata ta auduga ta jiƙe sharkaf da zufa.

Daga nan dutsen ya nuna halinsa. Daga bakin tafki zuwa ƙololuwa, wadda take mita 1,717 sama da teku, hawan kimanin mita 700 ne, kuma mafi yawansa a awa ta biyu yake tattare. Ƙasar wurin wata irin tsakuwa ce baƙa, marar nauyi, mai huda-huda kamar soso, gauraye da yashi, wadda ba ta riƙe ƙafa. In ka yi taku uku sai ta mayar da kai ɗaya, in ka yi dogon taku kuwa sai ta mayar da kai duka. Takalmina ya zama abokin gaba. Na fara haki kamar wanda aka koro, sha-raɓata ta ɗauki zafi, waɗanda na wuce ɗazu suka zo suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya ce uffan ba, wanda hakan ya fi magana ciwo. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Bli ya dawo baya ya tsaya a gabana, ya ce in daina ɗaga kai, in sa fitilata a kan dugadugansa, in taka duk inda ya taka. Sai a lokacin na lura da yadda yake tafiya. Takunsa gajere ne, bai fi tsawon tafin ƙafa ɗaya da rabi ba, yana ɗan karkata ƙafar gefe, yana neman kan dutse mai ƙwari da ya leƙo daga cikin tsakuwa ya ɗora ta, kuma ba ya ƙara sauri ko ragewa komai tsayin wurin. Hutunsa a tsaye yake yi, minti ɗaya ko biyu, da kurɓin ruwa biyu, domin in an zauna jiki yakan yi sanyi, tashi ya gagara. Da na bi wannan tsari na kimanin minti goma sai numfashina ya daidaita da takuna, na daina jin bugun zuciyata a kunne. Sau ɗaya na karya dokarsa na ɗaga kai, na ga wasu taurari a jere suna motsi a can sama, sai da na ƙura ido na gane fitilun waɗanda suka riga mu ne, kuma nisan da ke tsakaninmu ya kusa karya mini gwiwa. Duhu ya yi mini rana a wannan hawan, domin da ina ganin abin da ya rage da wataƙila na juya.

Ƙarfe biyar da rabi muka kai sama, a nan kuma rigar nan ta karɓi bashinta. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 ta tsayi, ga iska tana kaɗawa babu abin da ya tare ta, ga jiƙaƙƙiyar auduga manne da bayana. Cikin minti biyar haƙorana suka fara haɗuwa. Da na riƙo busasshiyar riga guda ɗaya a jaka, wadda nauyinta bai kai na kwalbar ruwa ba, da ban sha wannan wahala ba. Bli ya samo mini bargo a wata bukka da ake sayar da shayi, sannan ya ja ni gefe ya ce in tsuguna.

A gabanmu akwai wata tsaga a jikin dutse, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, farin tururi yana fita daga cikinta a hankali. Na miƙa hannu, na ji ɗumi mai laima kamar na bakin tukunya, da na matsa ciki kaɗan sai na janye da sauri. Ruwan sama ne yake tsiyaya ta cikin tsagogi har ya tarar da dutse mai zafi a ƙasa, ya dawo sama a matsayin tururi. Zafin kuwa asalinsa can ƙasa ne sosai, inda ɓawon ƙasa mai ɗauke da Ostareliya da tekun Indiya yake kutsawa ƙarƙashin wanda Indonesiya take kai, santimita 6 zuwa 7 a shekara, wanda shi ne babban abin da ya sa ƙasar take da duwatsu masu rai fiye da 120. Bli ya zura ƙwai da ayaba cikin ramin, ya toshe bakin da busasshiyar ciyawa, bayan kamar minti goma sha biyar ya fito da su a dafe. Ina riƙe da ƙwan nan mai zafi a tafin hannuna, yatsuna suna warwarewa, na ji tsoron da na kwana da shi ya dawo, amma a wata siffa dabam, domin yanzu na taɓa abin da hannuna kuma shi ne yake ɗumama ni.

Alfijir ya keto da wani siririn jan zare a gabas. Bali tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, don haka rana ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara, kuma ba ta jan lokaci wajen fitowa. Da farko gajimare ne ya bayyana a ƙarƙashinmu, shimfiɗe kamar sabuwar auduga, sai baƙin dutsen Abang a tsallaken tafki, a bayansa kuma Agung, wanda ya haura mita 3,000, wanda amansa na 1963 ya kashe mutum fiye da 1,000, na 2017 kuma ya sa aka rufe filin jirgin saman tsibirin na kwanaki. Can nesa a tsibirin Lombok kan Rinjani ya leƙo, mai mita 3,726. Ba kowace safiya ake dacewa da wannan ba, musamman a damina, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da mutum kan sha duk wahalar nan ya tarar da hazo kawai. Na ɓata mintunan farko ina kokawa da waya, hotunan kuwa ba su kama ko rabin abin ba, sai da Bli ya karɓe ta ya ce shi zai ɗauka, ni in kalla.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne bayan ranar ta ɗaga, lokacin da haske ya sauka cikin ƙwaryar. Tafkin ya fito a lanƙwashe kamar jinjirin wata, a ɗaya gefen kuma ga wani baƙin fili mai faɗi kamar an kwarara kwalta, narkakken dutsen da ya malala a 1963 da wasu shekarun ya daskare. Bli ya nuna mini da sanda wajen da tsohon ƙauyen Batur yake kafin aman 1926 ya binne shi, ya kuma nuna can saman bakin ƙwaryar inda mutanen suka koma suka sake gina wurin bautarsu, Pura Ulun Danu Batur. Na tambaye shi me ya hana su barin yankin gaba ɗaya. Ya nuna gonakin da muka ratsa cikin duhu, waɗanda yanzu suke kore shar har bakin baƙin filin, ya ce ƙasar da ta ci gidajen kakanninsu ita ce take ciyar da su. Muna cikin wannan magana wani biri ya fizge ayabar da ta rage a hannuna, ya koma kan dutse yana ɓarewa yana kallona.

Kafin tafiyar nan ina cikin masu ganin ɗaukar jagora a Batur tilas ce kawai da mutanen wurin suka ɗora wa baƙi, tunda hanya ce da ɗaruruwan mutane suke bi kowace asuba, kuma cunkoson da na gani a sama, da robobin da aka watsar a gefen hanya, ba su burge ni ba. Har yanzu ina ganin da wuya mutum ya ɓata a wannan hanya. Amma da muka zagaya bakin ramin dutsen, inda turbar take ƙanƙancewa har ba ta wuce faɗin kafaɗa ba, rami a dama gangare a hagu, shi ne ya san gefen da ƙasa take zaizayewa da tsagar da tururinta yake ƙona fata, kuma shi ne ya hana ni matsawa baki don ɗaukar hoto.

Saukowa ta fi hawa cin jiki, abin da ban taɓa kawowa ba. Rana ta yi zafi, gwiwoyina suna rawa, yatsun ƙafata suna dukan gaban takalmi a kowane taku, tsakuwar nan kuma tana gudu da ni. Sau biyu na zauna daɓas ba da niyya ba, na biyun har tafin hannuna ya ɗaye, domin dutsen yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Bli ya nuna mini in riƙa kafa dunduniya tukuna, in ɗan lanƙwasa gwiwa, in bar yashin ya tafi da ni kaɗan maimakon in yi gardama da shi, sandar kuma ta riga ƙafa sauka.

Wajen ƙarfe tara muka iso inda muka faro. Na zauna a kan wani dakali na cire takalman, na zazzage baƙin yashi kusan cikin tafin hannu daga kowanne. Na tambayi Bli ko yanzu zai je ya kwanta, ya ce a'a, albasarsa tana jiran ban ruwa, kuma ƙarfe uku na dare akwai wasu mutum shida da zai hau da su.