Ashe Krumlov biyu ne

Har yau in na tuna fuskar matar nan mai sayar da tikiti a fadar Cesky Krumlov, wani gari a ƙasar Czech, sai kunya ta rufe ni. Na miƙa mata wayata da hoton zanen da na zo gani, na tambaye ta ta wace ƙofa ake shiga. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta yi ɗan murmushin wanda ya saba da irin wannan tambaya. Ta ce zanen ba a garinsu yake ba, yana Moravsky Krumlov.

Abin da ya fito da ni daga Prague da sanyin asuba, na yi kusan awa uku a bas, shi ne zanen Alfons Mucha, mai zane ɗan ƙasar Czech, guda 20 na tarihin al'ummar Slav, wato dangin Czech da Rasha da makamantansu. Manyan cikinsu sun kai mita 6 a tsaye, mita 8 a kwance. Wani attajirin Amurka, Charles Crane, ya ɗauki nauyin aikin, Mucha kuma ya miƙa su kyauta ga birnin Prague a 1928. Na san duk wannan. Na san ma an mayar da su Krumlov a 2021 bayan sun yi wasu shekaru a Prague. Kalmar da ke gaban sunan ce kawai ban kula da ita ba. Cesky na yankin Bohemiya ne, Moravsky na Morabiya, can gabas. Kamar ka ɗaura niyyar Birnin Kudu ka sauka a Birnin Gwari don ka ji an ce Birni.

Nan take na kira ƙanena da ke karatu a Brno. Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya. "Yaya, ai kusa da mu ne, a jirgin ƙasa ko awa guda ba a yi. Me ya hana ka tambaye ni?" Kwana biyu kafin nan ina ɗakinsa muna cin taliya da manja. Wannan ya fi kuɗin motar ƙona mini rai.

Tunda an riga an zo, sai na shiga gari. Ba laifi a faɗi gaskiya, Cesky Krumlov gari ne mai kyau, kogin Vltava ya naɗe shi kamar rawani, kuma tun 1992 yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Na hau hasumiyar fadar, na leƙa ramin da ake kiwon dabbar beya a bakin ƙofa, amma zuciyata na can Morabiya.

Da haushin na faɗa gidan zanen Egon Schiele, mai zane ɗan Austriya, ba tare da na karanta komai a kansa ba. Mahaifiyarsa 'yar garin ce, shi ma ya zauna a nan a 1911 har mutanen gari suka kore shi saboda yanayin rayuwarsa da irin zanen da yake yi. Da na ga wasu daga cikin zanen na gane dalilinsu. Akwai tsiraici, wanda zai je da iyali ya sani tun daga waje. Zanensa na rufin gidajen garin kuwa, cunkushe kamar suna jingina da juna, ya burge ni.

Wurin da ya huce mini takaici shi ne gidan mai hoto Josef Seidel, wanda aka gina a 1905. Ɗakin ɗaukar hoton yana sama, rufinsa da bango guda na gilashi ne domin hasken rana ya shigo, da labule da ake ja a rage shi ko a ƙara. Ga zanen bango da ake tsayawa a gabansa, ga kujerun da amare da sojoji suka zauna a kai, ga dubban farantan gilashi da aka ɗauki hotuna a kansu, jere a akwatuna. Har littattafan da ake rubuta sunan mai hoto da lambar farantinsa suna nan. Na daɗe a tsaye a gabansu, ina tuna ɗakin mai hoton unguwarmu da labulensa mai zanen jirgin sama, inda ake kai mu ranar sallah. Nasa kam ban san inda suka ƙare ba bayan ya rufe shago.

Gidan moldabait na leƙa shi a gurguje. Koren dutse ne mai kama da fasasshiyar kwalba, wanda ya samu lokacin da wani dutse daga sama ya faɗo a kudancin Jamus kusan shekara miliyan 15 da suka wuce.

Wanda zai bi sawuna don zanen Mucha, ya rubuta cikakken sunan garin a takarda, ya kuma bincika inda zanen suke a wannan makon, domin an sha ɗauke su daga wuri zuwa wuri. Gidan Mucha da ke tsakiyar Prague ma ba a nan suke ba. A kuma kiyayi Litinin, gidajen tarihi da yawa a ƙasar ba sa buɗewa, ɗakunan cikin fadar Cesky Krumlov kuma a rufe suke da hunturu.

Jirgina na komawa gida washegari ne da yamma, don haka ban ga zanen ba. Ƙanena ya je bayan mako biyu, ya turo mini hotonsa tsaye a gaban ɗaya, kansa ko gwiwar mutanen cikin zanen bai kai ba. A ƙasa ya rubuta, "Gaisuwa daga Krumlov na gaskiya, Yaya."