Goron da na karɓa kafin in san sadaki

Ranar da na kai wa Abba takardar, yana zaune a kan darduma bayan sallar isha'i, rediyonsa na gefe. Ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya, ya ce in faɗa masa abin da ke ciki da Hausa. Na ce, "Abba, in suka ɗauke ni dole in tafi wurinsu, kuma in janye duk takardun da na tura wa sauran makarantu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ai wannan baiko ne. An karɓi goro, ba sauran wani ya zo zance." Har yau ban ji wanda ya fassara abin da Amurkawa ke kira Early Decision, wato neman gurbin jami'a da wuri bisa alkawari, daidai kamar haka ba.

Makaranta ɗaya tak ake nema ta wannan hanya. Yawancin makarantun suna rufe karɓar takardu ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba, alhali sauran masu nema sai ƙarshen Maris suke jin makomarsu. Mutum uku ke sa hannu a alkawarin: ɗalibi, mahaifi ko mariƙi, da malamin da ke ba ɗalibai shawara. A sakandarenmu a Kano ba mu da irin wannan malami. Mataimakin shugaban makaranta ne ya tsaya mini, bawan Allah, bayan na yi masa sintiri har sau huɗu, a ƙarshe na zauna kusa da shi muka lalubo saƙon Common App, shafin da ake neman makarantun ta cikinsa, a cikin imel ɗinsa, da datar wayata.

Abin da ya ja ni shi ne maganar da kowa ke yi, cewa an fi ɗaukar masu neman wuri. Gaskiya ne, amma da sauran magana: cikin waɗanda ake ɗauka da wurin akwai 'yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Ni kuwa ko ƙwallon unguwa a raga ake ajiye ni.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Makarantun da ba sa duba aljihun baƙo kafin su ɗauke shi ba su da yawa: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka bi sahu a 2022, da 'yan kaɗan bayansu. Sauran kuwa, har da ƙaramar kwalejin da na zaɓa, suna auna ƙoƙarinka tare da yawan tallafin da kake nema. Mu baƙi ba ma cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, wannan ta 'yan ƙasa ce. Tamu ita ce CSS Profile, wadda ke tambayar kuɗin shigar iyali, darajar gida, fili, ajiyar banki, komai. Abba ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, lissafinsa duk yana cikin wani dogon littafi mai baƙin bango da kuma cikin kansa. Dare uku muka kwashe muna mayar da yadi da bashin abokan ciniki zuwa lambobin da kwamfuta za ta karɓa.

Sai aka zo gurbin da ke tambayar nawa iyali za su iya biya duk shekara. Wani abokina ya ce in ɗaga adadin, wai in na rubuta kaɗan za su ga ni kaya ne. Na rubuta dala 5,000. A Oktoban 2023 ne, dala ta ɗan haura naira 1,000 a wurin 'yan canjin Wapa. Abba ya lissafa, ya ce miliyan biyar da ɗoriya, da wuya amma Allah zai rufa asiri. Ban tsaya na nanata masa cewa shekara huɗu za a yi ana biya ba, don ni kaina ban so in tuna. Akwai ofishin EducationUSA a Abuja da aikinsa ke nan, ba ɗalibai shawara kan irin wannan, amma gaggawa ba ta bar ni na tuntuɓe su ba.

Amsa ta iso da tsakar dare agogon Najeriya. An ɗauke ni. Umma ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Kuɗin shekara ya haura dala 80,000, sun ɗauke komai sai daidai abin da na rubuta da hannuna. Washegari na cika alkawari, na janye sauran takarduna.

Zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Miliyan biyar ta koma bakwai da rabi ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ga kuɗin SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi a Amurka, dala 350, ga na biza dala 185, ga tikitin jirgi, ga kayan sanyi. Alkawarin yana da ƙofa ɗaya: in tallafin bai isa ba, ana iya sakin ɗalibi. To amma ni da wane baki? Abin da na roƙa aka ba ni. Kuma ko sun sake ni ina za ni, tunda wa'adin yawancin sauran makarantun ya wuce tun farkon Janairu, ba ni da tayin kowa da zan gwada da nasu. Wannan ne babban abin da mai neman tallafi ke sarayarwa in ya karɓi goron wuri, kuma ni ban gane ba sai da ruwa ya kai ni wuya.

Na rubuta wa ofishin tallafinsu wasiƙa, ba kuka ba roƙo, na haɗa da farashin canji na Oktoba da na Fabrairu da takardar bankin Abba. Bayan mako uku suka rage zuwa dala 3,500, suka ƙara mini aiki a cikin makaranta. Bizar ɗalibai ta F-1 ta yarda da aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma a ɗakin cin abinci nake yin nawa.

Da zan koma baya, da na rubuta adadin da Abba zai iya biya ko da dala ta ninka, in sun ƙi ni su ƙi. Da kuma na gama rubuce-rubucen sauran makarantu tun kafin Disamba, domin wanda aka ƙi ko aka ɗage shi mako biyu kawai ke rage masa, ga zuciya a dagule. Wasu makarantun ma suna da zagaye na biyu na wannan alkawari a Janairu, lokacin da mutum ya ɗan ƙara wayo.

Fulotin da Abba ya saya tun ina firamare shi ya biya shekarar farko. Bai taɓa faɗa mini ya sayar ba. Ƙanwata ce ta yi suɓutar baki a waya, wata biyu bayan na sauka.